Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar NCDC: a riƙa karanta rubutun gadon ƙwayoyin cutar da sauronmu ke ɗauke da su

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Najeriya,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan hukumarka. Ni malami ne mai koyar da ilimin ƙananan halittu a nan Arewa maso Yamma. Na rubuto da Hausa, kuma a bainar jama'a, domin maganar ta shafi makiyayi da mahauci da uwar da ɗanta ke kwance da zazzaɓi kamar yadda ta shafi ofishinka. Kai da likitocinka kun san mafi yawan abin da zan faɗa, don haka ku yi mini haƙuri idan na tsaya bayani, saboda masu karatu nake yi. Roƙona shi ne a daina tsayawa a kan sunan cuta kawai. Idan an kama ƙwayar bairos da sauro ya kawo, a karanta rubutun gadonta, wato jerin haruffan umarnin da ke cikinta, a yi hakan a nan Arewa, kuma a haɗa abin da aka karanta da halin da maras lafiya ya ƙare a ciki. Ƙwayoyi biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya, ɗaya ta ba mutum zazzaɓin kwana uku ya miƙe, ɗayar ta narkar masa da hanta. Wani babban sashe na wannan bambanci a rubuce yake cikin ƙwayar kanta.

Zan fara da cutar da ta fi hana ni barci, wato zazzaɓin Rift Valley. An gano ta a Kenya, kusa da tafkin Naibasha, bayan tumaki sun yi ta ɓari da mutuwa a 1930. Shekaru da dama ana ɗaukarta cutar dabbobi ce da kan taɓa mutum jefi-jefi, sai da ta shiga Masar a 1977 ta kashe kusan mutum 600. Ta ɓulla a Muritaniya a 1987, ta ƙetare Bahar Maliya zuwa Saudiyya da Yemen a 2000, ta yi ɓarna a Sudan a 2007. A watan Agustan 2016 kuwa ta iso ƙofar gidanmu: jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, yankunan Cintabaraden da Tasara, ana dab da bikin lasar gishiri na Ingal inda garkuna daga ko'ina ke haɗuwa. Fiye da mutum 30 suka rasu, yawancinsu makiyaya. Jihar Tawa ita ce ke iyaka da Sakkwato. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Illela ranar Lahadi ya san inda raƙuma da tumakin da ke cika kara suke fitowa, kuma ya san yadda raguna ke kwararowa idan Babbar Salla ta ƙarato.

Sauro ne ke yaɗa ta tsakanin dabbobi. Ƙwansa kan kwanta a busasshiyar ƙasar fadama da tafkuna har tsawon shekaru, ranar da aka yi ruwa mai yawa ya ƙyanƙyashe. Mutane kuwa sun fi ɗaukarta wajen yanka da fiɗa, ko wajen taimaka wa tunkiya haihuwa, ko taɓa abin da ta ɓarar, ko shan madarar da ba a tafasa ba. Alamarta ta farko a garke ita ce ɓari ba ƙaƙƙautawa, tumaki masu ciki kusan duka su zubar, 'yan jarirai su yi ta faɗuwa.

To mene ne ya ba wannan ƙwaya wannan ƙarfi? Rubutun gadonta gutsure uku ne, babba da matsakaici da ƙarami. A cikin ƙaramin akwai umarnin ƙera wani furotin da masana suka sa wa suna NSs. Ƙwayar ba ta buƙatarsa don ta gina jikinta, aikinsa kawai ya rufe bakin ƙwayar jikin da aka shiga. Allah ya halicci kowace ƙwayar jikinmu da ƙararrawa: da ta ji baƙo ya shigo sai ta saki sinadarin intaferon, maƙwabtanta su ji su ɗaura ɗamara. NSs yana shiga har cibiyar ƙwayar jiki, ya taru ya zama zare-zare, ya hana a ƙera intaferon ɗin. Ya lalata wani mai gadi da ake kira PKR, wanda da shi ne zai tsayar da injin ƙera furotin don kada baƙo ya amfana. Sannan ya gurgunta hanyar da ƙwayar jikin ke bi ta karanta nata rubutun, ta yadda ko ihu ba za ta iya yi ba. Kafin garkuwar jiki ta farga, ƙwayoyin hanta sun mutu rututu. Yawancin mutanen da suka kamu suna warkewa, amma waɗanda cutar ta kai ga zubar jini, kusan rabinsu ba sa tashi. Wasu kuma su tashi da raunin ido ko na ƙwaƙwalwa.

Yadda aka tabbatar da laifin NSs shi ne abin da nake so a lura da shi. A 1974 an ɗauki jinin wani maras lafiya a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya wanda cutar ba ta yi masa tsanani ba. Daga baya, da aka tace ƙwayoyin da ke cikin wannan samfuri, sai aka samu wata da kusan kashi 70 cikin 100 na umarnin NSs ɗinta ya ɓace, haka ta zo ba wanda ya taɓa ta. Aka kira ta Clone 13. An sa wa ɓeraye masu lafiya, ba abin da ya same su. Aka sa wa ɓerayen da jikinsu ba ya jin intaferon, suka mutu. Ashe mafi yawan muguntar a wannan guntun rubutu take. Wannan gurguwar ƙwaya ita ce yau rigakafin dabbobi da aka yi wa rajista a Afirka ta Kudu a 2010. Rigakafin nan bai samu ba sai don wani ya adana samfurin jinin maras lafiya guda, kuma wani ya zauna ya karanta abin da ke ciki.

Akwai wani furotin kuma, NSm, a gutsure na tsakiya, wanda aikinsa ke ba ɗalibaina mamaki duk shekara. Shi hana ƙwayar jiki mutuwa yake yi. Ƙwayar jikin da ta ga an ci ta da yaƙi tana da hanyar kashe kanta cikin tsari, ta naɗe kayanta ta mutu tare da baƙon da ke cikinta, kamar yadda ake yaye jinkar ɗakin da ya kama wuta don kada gobara ta ci unguwa. Wannan mutuwa kariya ce ga sauran jiki. NSm yana zuwa ya jinkirta ta, don bairos ya samu lokacin hayayyafa. An gwada an gani: idan aka cire NSm, ƙwayoyin jiki sun fi saurin mutuwa, kuma ƙwayar cutar ba ta iya kama sauro sosai. Don haka ba a auna muguntar bairos da saurin kisansa kaɗai. Abin dubawa shi ne wace ƙwayar jiki ta mutu, a wane lokaci, kuma wa ya zaɓi lokacin, jiki ko baƙo.

Tunda rubutun gutsure uku ne, idan iri biyu suka haɗu a jikin dabba ɗaya ko sauro ɗaya, sukan yi musayar gutsure su haifi sabon iri. Gwajin da zai ce maka “Rift Valley ce” ba zai nuna maka wannan ba. Sai an karanta.

Cutar shawara ma darasinta ke nan, kuma tarihinta namu ne. A shekarun 1920 masu bincike sun kafa sansani a Yaba da ke Legas suna neman musabbabinta. A 1927 aka ɗauki jinin wani ɗan ƙasar Gana mai suna Asibi, wanda ya yi zazzaɓin ya warke, aka samu ƙwayar daga jininsa. Aikin ya ci rayuka: Adrian Stokes ya rasu a Legas a 1927, Hideyo Noguchi ya rasu a Ankara ta Gana a 1928, dukansu shawarar ce ta kashe su. Max Theiler da abokan aikinsa suka yi ta renon ƙwayar Asibi a naman ɗan tayin ɓera da na kaza, daga kwalba zuwa kwalba fiye da sau 100, har ta rasa dafinta. A 1937 aka samu rigakafin 17D, wanda har yau shi ake yi wa 'ya'yanmu a wata 9, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Su kansu waɗanda suka yi shi ba su san me ya canza ba. Sai bayan shekara 50 aka jera rubutun uwar da na 'yar, aka ga cikin haruffa kusan 11,000 kimanin 68 ne kawai suka bambanta. Ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba. Ta farko tana cusa ƙwayoyin hanta cikin mutuwa har ido ya yi ɗorawa, mutum ya yi aman jini, kuma gawarwakin ƙwayoyin nan su ne likitoci ke gani a madubi tun ƙarni na 19. Ta biyun tana shiga jiki ta koya wa garkuwa darasi ta wuce.

Shawara ba ta bar mu ba. Ta yi ɓarna a tsaunukan Jos a 1969, da Binuwai da Oyo a 1986 zuwa 1987. Ta dawo ta Kwara a 2017. A 2019 ta ɓulla a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauci, har ta ci rayukan wasu ɗalibai daga Biu da suka je yawon buɗe ido Yankari. Abin da ya faru a Edo a ƙarshen 2018 shi ne ya fi dacewa da maganata. Marasa lafiya suna ta zuwa da zazzaɓi mai tsanani, an gwada Lassa babu. Cibiyar binciken gadon ƙwayoyin cuta ta ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta karanta duk wani rubutun gado da ke cikin jinin ba tare da ta ƙaddara abin da take nema ba, cikin 'yan kwanaki ta gano shawara ce. Ta kuma nuna cewa irin ya fi kusa da na wasu ƙasashen Afirka ta Yamma fiye da tsofaffin na Najeriya. 'Yan Najeriya suka yi wannan, a cikin Najeriya. Ita dai cibiyar ce ta fara karanta ƙwayar korona a nahiyar Afirka a watan Maris na 2020. Ina alfahari da wannan ƙwarai. Amma daga Illela zuwa Ede tafiya ce mai nisa, kuma rubutun gadon waɗannan ƙwayoyi mai saurin lalacewa ne idan samfuri ya sha zafin hanya.

Wani lokaci harafi ɗaya ya isa. Cutar cikungunya, mai sandarar da gaɓoɓi har mutum ya kasa miƙewa, an san ta tun 1952 a Tanzaniya. A 2005 zuwa 2006 ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin Reyuniyon. Da aka karanta, sai aka ga canji guda a gurbi na 226 na furotin ɗin fatarta, wanda ya ba ta damar hawa wani sauron dabam, mai zanen fari da baƙi ɗan asalin Asiya. Da wannan sauro ta shiga Italiya a 2007. Shi wannan sauron an same shi a jihar Delta tun 1991. Cikungunya kuwa ta kwantar da dubban mutane a Kasala ta Sudan a 2018, da Abeshe ta Cadi a 2020, garuruwan da Hausawa ke zaune a cikinsu kuma 'yan kasuwarmu ba sa rabuwa da hanyarsu. Haka cutar West Nile, wadda aka gano a Yuganda a 1937: irin da ya shiga Niyok a 1999 ya riƙa zubar da hankaki daga sama, kuma an danganta wannan da canji ɗaya a wani furotin nata.

Zika ta fi rikitarwa, kuma ita ce ta fi nuna haɗarin jingina da binciken wasu. A dajin Zika na Yuganda aka same ta a 1947, ta daɗe tana yawo a Afirka har da Najeriya ba wanda ya damu da ita. A 2015 sai ga jarirai a Barazil ana haifarsu da ƙananan kawuna, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Fabrairun 2016. Ƙwayar tana shiga ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwar ɗan tayi, ta hana su rabuwa, ta kashe su. A 2017 wasu masana a Sin suka nuna wani canji guda da suka ce shi ya ƙara mata wannan dafi, wasu masanan kuma suna ganin ba shi kaɗai ba ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali wani ne dabam: gwaje-gwaje da yawa sun nuna irin Afirka ya fi irin da ya shiga Barazil saurin kashe ƙwayoyin jiki da 'yan tayin ɓeraye. Shi ya sa wasu masana ke zargin cewa a wajenmu cikin ne ke zubewa tun da wuri, maimakon a haifi jariri da ƙaramin kai. Zargi ne, ba a tabbatar ba. To amma wa zai tabbatar ko ya ƙaryata, in ba mu ba? Matar da ta yi ɓari a ƙauyen Gwadabawa ko Maigatari, a yi mata sannu, a ce Allah ya kawo mai albarka, shi ke nan an rufe babi. Ba wanda zai zo daga Turai ya bincika mana wannan.

Sai dengi. A ƙarshen 2023 hukumarku ta sanar da ɓullarta a Sakkwato, inda aka tabbatar da mutum 13, kuma da ikon Allah ba a rasa rai ba. A 2023 ɗin Burkina Faso ta rasa kusan mutum 700. Dengi iri huɗu ce. Wanda ya yi ɗaya ya samu kariya daga ita, amma idan wata dabam ta kama shi daga baya, tsohuwar garkuwar kan iya zama mai yi wa sabuwar ƙwaya jagora zuwa cikin ƙwayoyin jiki, cutar ta yi muni. Ga kuma furotin ɗinta NS1 da ke yawo a jini yana sassauta bangon jijiyoyi har ruwa ya riƙa tsiyaya. Kyuba ta ga wannan: iri na 1 ya ratsa ta a 1977, iri na 2 ya biyo baya a 1981, mutum 158 suka mutu, yawancinsu yara. Ko a cikin iri na 2 ɗin ma akwai dangi-dangi. Dangin da ya daɗe a nahiyar Amurka ya ratsa birnin Ikitos na Peru a 1995 bayan iri na 1, amma ba a ga zubar jini ba, shi kuwa wanda ya shiga Kyuba ɗan kudu maso gabashin Asiya ne. Saboda haka idan dengi ta sake dawowa Sakkwato, tambayar farko da likita ke buƙatar amsarta ita ce: wace iri ce ta zo a baya, wace ce ta zo yanzu? Da wannan amsar ce asibiti zai san ko ya tanadi gadaje da ruwan ƙari da jini.

Ranka ya daɗe, ba na cewa komai a jikin ƙwayar yake. Shekarun mutum, abincinsa, cututtukan da ya taɓa yi, gadon da shi ma ya ɗauko daga iyaye, da saurin zuwansa asibiti, duk suna da nasu rabon. Kuma karanta rubutu kaɗai ba ya gaya maka ma'anar kowane canji, sai an bi shi da gwaji a ɗakin bincike mai cikakken tsaro. Amma wannan ma hujja ce a gare ni. Tunda mutanenmu da sauronmu da dabbobinmu ba irin na Barazil ko Tailan ba ne, sakamakon can ba zai wadatar da mu ba.

Na san kuma za a ce maleriya ce ke kashe mu, kuɗi kaɗan ne, a bar wannan sai an samu sarari. Gaskiya ne Najeriya ce ta fi kowace ƙasa ɗaukar nauyin maleriya, kuma ba na neman a rage mata ko kwabo. Sai dai ita maleriyar ce ta zama bargon da ya lulluɓe sauran. Mutum ya ji zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ya je kemis, a ce masa maleriya ce da taifot, a haɗa masa magani. Ko an yi gwaji ya nuna babu, sau da yawa maganin dai za a ba shi. Idan ido ya yi ɗorawa a koma jiƙe-jiƙe. Idan dengi ce kuma aka ba shi asfirin ko ibuprofen don ciwon jiki, an ƙara masa haɗarin zubar jini, alhali farasitamol ya kamata. Waɗannan mutane da gwajin maleriya ya ce babu, amma jikinsu na ci da wuta, a cikinsu ne labarin ƙwayoyin nan yake, kuma kullum komawa gida suke yi da shi a jininsu.

Daga nan nake roƙon a fara. A zaɓi asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya da Maiduguri, da wasu ƙananan asibitoci na bakin iyaka, a ce duk damina wani kaso na irin wannan jini za a gwada shi don neman shawara da dengi da cikungunya da Zika da Rift Valley, kuma duk abin da aka kama a karanta shi. Na'urar karatun yanzu ba ita ce matsala ba. Akwai wadda ba ta fi wayar hannu girma ba, an yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015, an zaga da ita Barazil a mota lokacin Zika. Abin da ke kashe irin wannan aiki a wajenmu shi ne abin da ke biyo bayan yanke kyalle: sinadaran gwaji su ƙare ba kasafin sayen wasu, firinji mai tsananin sanyi ya narke saboda wuta, matashin da aka horar ya gaji da jiran albashi ya tafi ƙasar waje. Na ga na'ura mai tsada a rufe da leda a wani ɗakin gwaji, ba don ta lalace ba. Gara a ba mu cibiya ɗaya mai hasken rana da albashin ma'aikata da kasafin sinadarai na shekara biyar, da a raba na'urori goma a ɗauki hoto. Lokacin korona an kafa ɗakunan gwaji a jihohi da dama, an horar da mutane. Ginin yana nan, hannayen ma da sauransu.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa, kuma in babu shi sauran aikin rabi ne: kowane samfuri ya tafi da labarin mai shi. Shekarunsa nawa, yana kiwo ko fawa, ya yi rigakafin shawara, ya zubar da jini, tana da ciki, cikin ya tsaya, ya warke ko ya rasu. Ba suna ake nema ba, kuma a nemi yardar maras lafiya ko iyalinsa. Da irin wannan ne bayan shekaru za a iya cewa wannan dangi a ƙasarmu ya fi taɓa hanta, wancan ya fi taɓa masu ciki.

A kan Rift Valley kuwa, dabba ce ke fara faɗuwa kafin mutum, don haka labari yana hannun makiyayi da malamin dabbobi da sarkin fawa. Najeriya tana da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi a Vom, tana da cibiyar binciken sauro da cututtukansa a Enugu. Ina roƙon a samu hanya ta dindindin da rahoton ɓarin tumaki a Tangaza ko Maiadua zai isa teburinku a makon da ya faru, a ɗauki samfurin dabba da na mutum da na sauro daga wuri ɗaya, a jera rubutunsu a gani. Makiyayi ba zai kawo rahoto ba idan abin da zai biyo baya shi ne a rufe masa kasuwa a bar shi da asara, don haka sai an zauna da ardo-ardo da shugabanninsu tun ba a shiga tashin hankali ba. Lokaci ma yana da muhimmanci, domin rigakafin dabbobi kafin annoba ake yin sa. Idan ta riga ta shiga garke, allurar da ke yawo daga dabba zuwa dabba kan iya yaɗa ta. Rigakafin mutane kuwa har yanzu babu wanda aka ba lasisi.

Nijar ta fice daga ECOWAS, kuma mun ga yadda aka rufe iyaka a 2023. Wannan na 'yan siyasa ne. Amma cibiyar binciken lafiya ta CERMES tana nan a Yamai, garkuna kuma ba su daina ƙetarowa ba. Ina roƙon a riƙe zumuncin ɗakunan gwaji na ƙasashen biyu ko da komai ya tsinke, ta yadda abin da aka karanta a Tawa za a san shi a Sakkwato kafin kasuwa ta sake ci.

Abin da aka gano kuma a dawo mana da shi. A sa rubutun a rumbunan intanet da masana ke amfani da su, da sunayen 'ya'yanmu da suka yi aikin, don ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Bayero ya samu abin nazari daga ƙasarsa. A kuma faɗa wa jama'a da Hausa da Fulatanci da Kanuri a rediyo: ga abin da ke yawo bana, ga alamarsa, kada a taɓa abin ɓari da hannu tsirara, a tafasa madara, a rufe randa da duro, a zubar da ruwan da ke kwance a tsofaffin tayoyi. A gaya musu sauron dengi da shawara da rana yake cizo, gidan sauro na dare kaɗai ba zai tare shi ba. Mutanenmu suna jin magana idan aka gaya musu dalili.

Idan duk wannan ya yi yawa a tashi ɗaya, a fara da Sakkwato kafin ruwan farko ya sauka: asibitin koyarwa guda, kasuwar Illela, ma'aikatan da za su bi zazzaɓin da ba maleriya ba da ɓarin tumaki daga Yuni zuwa Nuwamba, sannan a buga abin da aka samu kowa ya gani. Akwai malamai da ɗalibai a jami'o'inmu da za su shiga wannan aiki gobe idan aka kira su, kuma ina cikinsu.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Wani malamin ilimin ƙananan halittu,
Sakkwato.